Ɓad-da-Bami Cikin Adalci: Nazarin Darar Kalmomi ta Ingila da Ƙa'idojin Ximenes

1.0 Gabatarwa

Daga cikin al'adun karatu da Turawan Ingila suka raya a ƙarni na 20 akwai wani wasa ƙwaƙwalwa da jaridunsu ke bugawa kullum, wanda suke kira kuroswad. Zane ne da aka rarraba gida-gida kamar gurabun dara, wasu gidajen farare wasu baƙaƙe. Ana cike fararen da harufa ta yadda kalmomin da suka kwanta za su gitta waɗanda suka sauko daga sama. Saboda wannan kama za mu kira shi darar kalmomi a cikin wannan nazari. A gefen zanen akan jera gajerun jimloli masu lamba, kowace tana nuni ga kalmar da za ta shiga wani layi. Waɗannan jimloli su ne za mu kira ishara.

Darar kalmomi iri biyu ce. Akwai ta kai-tsaye, wadda in an ce "babban birnin Nijar" sai mutum ya rubuta Yamai ya wuce. Akwai kuma mai ɓad-da-bami, wadda isharar ke faɗin wani abu a zahiri alhali tana nufin wani daban a baɗini. Wannan ta biyu ita ce Ingila ta shahara da ita, kuma littafin da ya fi kowane tasiri wajen shimfiɗa mata ƙa'ida shi ne Ximenes on the Art of the Crossword, wanda D. S. Macnutt ya wallafa a 1966. Manufar wannan nazari ita ce a duba yadda ake ƙulla isharar da yadda ake warware ta, a auna ƙa'idojin Macnutt a ga inda ya dace da inda ya gaza, sannan a ga abin da malamin makaranta a ƙasar Hausa zai iya tsinta a ciki.

2.0 Asalin Wasan

Darar kalmomi ta farko ta fito a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. Wanda ya tsara ta, Arthur Wynne, haifaffen birnin Libafu ne na Ingila. Ta kai-tsaye ce. Bayan kusan shekara goma wasan ya ƙetara teku, jaridar Daily Telegraph ta soma bugawa a 1925, ita kuwa The Times ba ta yarda ba sai a watan Fabrairu na 1930.

Turawan Ingila sun ga ta kai-tsayen ta yi musu sauƙi, sai suka soma murɗe isharar. Jagoran wannan murɗiya shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya juya Dare Dubu da Ɗaya daga Faransanci zuwa Ingilishi. Daga 1926 har rasuwarsa a 1939 yana tsara wasan a jaridar Observer da laƙabin Torquemada, sunan shugaban kotun coci mai binciken aƙida a Sipaniya, wanda tarihi ya sani da gallaza wa jama'a. Laƙabin ya dace da shi, domin isharorinsa suna buƙatar zurfin sanin adabi, kuma sau da yawa ba su da wata tsayayyar doka.

Wanda ya gaje shi shi ne Derrick Somerset Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1971. Shi ma ya ɗauki sunan wani shugaban waccan kotu, wato Ximenes. Da ya rasu sai Jonathan Crowther ya karɓa a 1972 da laƙabin Azed, wanda in aka karanta shi daga baya zai ba da Deza, sunan wani shugaban kotun na uku. Ya shafe fiye da shekara 50 yana wannan aiki. Akwai kuma A. F. Ritchie, limamin coci kuma shugaban makaranta, wanda ya haɗa harufan farko na sunansa suka ba da Afrit, wato ifiritu da muka sani a cikin Larabci. Mai karatu zai lura cewa hatta laƙabin mutanen nan wasan kalmomi ne.

3.0 Zahiri da Baɗini

Kowace ishara mai ɓad-da-bami tana da fuska biyu. Zahirinta jimla ce mai ma'ana, mai ba da wani ɗan labari. Baɗininta kuwa umarni ne mai kashi biyu. Kashi na farko shi ne ma'anar amsar, kamar yadda ƙamus zai ba da ita, kuma kusan kullum yana farkon jimlar ko ƙarshenta. Kashi na biyu shi ne dabara, wato bayanin yadda za a gina amsar harafi bayan harafi. A ƙarshe akan sa lamba cikin baka mai nuna adadin harufan. Aikin mai ƙullawa shi ne ya ɗinke kashin biyu har ɗinkin ya ɓace. Aikin mai warwarewa shi ne ya gano inda ɗinkin yake ya farke shi.

Domin a fi fahimta, an ƙulla misalan da ke tafe da Hausa bisa ƙa'idojin Ingilishin. Ga na farko:

Tsakani ya ɓaci a garin Korau (7)

A zahiri labari ne na ɓacin zumunci. A baɗini kuwa "garin Korau" shi ne ma'ana, "ya ɓaci" manuni ne cewa a hargitsa harufan kalmar da ke kusa da shi, ita kuwa kalmar ita ce "tsakani". In aka sake jera harufan nan bakwai sai a sami KATSINA. Babu harafin da ya ragu, babu wanda aka aro daga waje. Wanda ya kai ga amsar ba ya bukatar ya tambayi kowa ko ya dace, domin hanya biyu sun kai shi wuri guda.

4.0 Hanyoyin Ɓad-da-Bami

Dabarun da ake amfani da su ba su da yawa, wanda ya san bakwai ko takwas ya san ginshiƙan wasan.

Ta farko ita ce hargitsa harufa, wadda muka gani. Manuninta kowace kalma ce mai nuna rikici ko lalacewa ko sabon shiri, kamar ɓaci, yamutse, rushe, gyara. Ga wani misali: "Rima a hargitse, makwancin kura (4)". Harufan Rima sun ba da RAMI. Malaman Ingilishi za su iya gwada ɗalibansu da irin wannan: Listen, disturbed, making no sound (6), inda harufan listen ke komawa SILENT.

Ta biyu ita ce ɓoye amsa a tsakiyar jimla: "Dogo rogo ya ɓoye, tsarabar Gwanja (4)". Zahirin yana ba da labarin wani Dogo da ya ɓoye rogo. Amma in aka dubi ƙarshen "Dogo" da farkon "rogo" za a ga GORO a kwance, kuma kowa ya san abin da fatake ke kawowa daga Gwanja. Wannan ita ce mafi sauƙin dabaru, kuma ita ce ta fi wahalar da gwanaye, don ido yana tsallake abin da ke gabansa.

Ta uku ita ce jeri, wato a gina amsa daga ƙananan kalmomi ɗaya bayan ɗaya: "Doka: ba da rance a gidan ilimi (9)". Duk mai karatu zai ɗauka doka ce ta hukuma. Ba ita ake nufi ba. Doka ce ta aikatau, kamar a ce ya doka masa sanda, wato ya maka masa. Ba da rance kuwa shi ne ranta. MAKA da RANTA suka ba da MAKARANTA. A nan ne ake ganin gwaninta, domin mai ƙullawa ya sa aikatau ya yi shigar suna, bai kuwa faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Ta huɗu ita ce cusa kalma cikin kalma: "Ƙyale a cikin dutsen ƙarfe, shimfiɗa ce (7)". Ƙyale shi ne bar, dutsen ƙarfe shi ne tama. In aka tsaga tama aka sa bar a tsakiya sai a sami TABARMA. Wannan ishara daidai take ta fuskar dabara, amma zahirinta gurgu ne, domin ba wanda zai furta irin wannan jimla a cikin hira. Macnutt da almajiransa za su ce ta ci rabin maki.

Ta biyar ita ce yanke kai ko wutsiya: "Gado babu kai, sai kwalliya (3)". An cire harafin farko na gado, saura ADO. Ta shida ita ce komawa da baya: "Ado ya juyo da umarni (3)", wato a karanta Ado daga dama, a sami ODA. Ta bakwai ita ce ma'ana biyu, inda babu sarrafa harufa sam, sai dai a jera ma'anoni biyu na kalma guda: "Wahala tsakanin kai da kafaɗa (4)". Amsa ita ce WUYA, ta wahala da ta jiki. Akwai kuma dabarar kamancin sauti, wadda Ingilishi ya wadata da ita saboda rubutunsa ya yi nisa da furucinsa. Can sama da duka akwai isharar da jimlar gaba ɗayanta ita ce ma'ana, kuma ita ce dabara a lokaci guda. Macnutt ya ɗauke ta a matsayin ƙololuwar fasahar.

Daga nan hanyar warwarewa ta fito fili. Mai warwarewa zai fara da ƙin yarda da labarin zahiri. Sai ya gwada farkon jimlar a matsayin ma'ana, in bai yi ba ya gwada ƙarshenta. Sai ya nemi manuni, ya ƙirga harufan kalmomin da ke kusa da shi ya ga ko sun yi daidai da lambar da ke cikin baka. Kada ya kula da waƙafi da aya da manyan baƙaƙe, don sau da yawa tarko ne. In ya sami amsa sai ya koma ya bi jimlar kalma bayan kalma, ya tabbatar kowace ta yi aiki. In ishara ta gagara sai ya bar ta ya cike maƙwabtanta, harufan da suka gitta za su buɗe masa ƙofa.

5.0 Abin da Macnutt Ya Dace da Shi

Tun a 1949, a cikin littafinsa Armchair Crosswords, Afrit ya kafa tushen cewa mai ƙullawa yana da 'yancin ya karkatar da hankalin mai karatu, amma dole kalmominsa, in aka karanta su ta hanyar da ta dace, su faɗi ainihin abin da yake nufi. Macnutt ya ɗauki wannan tushe ya gina gida a kansa. A wurinsa dole ma'ana ta kasance daidai, suna ya fassara suna, aikatau ya fassara aikatau. Dole dabara ta bi nahawu a baɗini kamar yadda ta bi shi a zahiri. Ba a yarda a cusa kalmar da ba ta da aiki don kawai jimla ta yi daɗi ba. Ya kuma kafa ƙa'ida a kan zanen kansa, cewa ya zama mai daidaito, kuma kada kalma ta kasance da harufa da yawa waɗanda ba su gitta wata ba.

Misali guda zai nuna amfanin wannan tsanani. A ce maimakon "Rima a hargitse" an rubuta "gulbin Sakkwato a hargitse". Yanzu sai mai warwarewa ya fara cankar sunan gulbin, sannan ya hargitsa abin da ya canka. An ɗora zato a kan zato. Macnutt ya ƙi irin wannan, ya ce harufan da za a hargitsa su kasance a gaban idon mai karatu. A ganina ya yi gaskiya, kuma wannan shi ne babban abin yabo a littafin. Kafin shi, ishara mai wuya da ishara marar adalci duk ɗaya ake ɗaukar su. Shi ne ya raba su. Ya nuna cewa wahalar da mutum abu ne mai sauƙi, kowane mai son burga zai iya. Abin da ke buƙatar gwaninta shi ne a ɓatar da mutum da gaskiya tsagwaronta, ta yadda in ya gano amsar zai zargi gaggawarsa maimakon ya zargi mai ƙullawa.

Ba abin mamaki ba ne da wannan tunani ya fito daga malamin aji. Duk wanda ya taɓa tsara tambayoyin jarrabawa ya san bambancin tambayar da ke auna fahimta da wadda ke auna iya cankar abin da ke zuciyar malami. Macnutt ya mayar da alaƙar mai ƙullawa da mai warwarewa ta zama amana. Gasar ƙulla ishara da yake shiryawa a Observer ta zama kamar makaranta, inda yake bayyana dalilin fifita wannan a kan waccan. Cikin masu shiga gasar har da Colin Dexter, marubucin labaran ɗan sandan ciki Morse, wanda ya aro sunan tauraron nasa daga abokin gasarsa Sir Jeremy Morse.

6.0 Inda Aka Gaza

Duk da haka, akwai gyara biyu da ya kamata a yi wa wannan mazhaba.

Na farko, adalcin nan adalci ne tsakanin 'yan gida ɗaya. Darar kalmomi ta Ingila cike take da gajerce-gajerce da al'adu waɗanda ba a koyar da su a ko'ina sai dai a tashi a cikinsu. Kalmar sailor tana iya nufin harufa biyu, AB, daga wani muƙami na jirgin ruwa. Kalmar love tana nufin harafin O, saboda haka ake kiran sifiri a wasan tanis. Kalmar leg tana nufin on, daga wasan kurket. Kalmar books tana nufin OT ko NT, wato Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Kalmar flower, wadda kowane ɗalibi ya sani da fure, tana iya nufin kogi, wai don abu ne mai gudana. Wannan na ƙarshe wasa ne mai kyau, kowa zai iya gano shi da tunani. Sauran kuwa babu tunanin da zai kai mutum gare su. Malamin da ya ƙware a Ingilishi a Kano ko Kumasi zai iya bin kowace ƙa'ida ta nahawu ya tsaya cik, don bai san filin kurket ba. Mai warwarewar da Macnutt ya hango mutum ne irinsa, wanda ya yi makarantar kwana ta 'ya'yan manya, ya karanta Latin, yana da ƙamus na Chambers a gefen kujera. Ƙa'idojin sun tsare mai karatu daga son zuciyar mai ƙullawa, amma ba su tambayi wane ne aka bari a bakin ƙofa ba.

Na biyu, ƙa'ida in ta yi tsauri tana iya kashe raha. Hujja a nan ita ce John Graham, limamin coci da aka haifa a 1921, wanda ya soma tsara wasan a jaridar Guardian a 1958, ya kuma shahara da laƙabin Araucaria, sunan wata bishiya ta ƙasar Chile. Graham bai ɗaure kansa da dokokin Ximenes ba. Yakan sassauta nahawun baɗini in sassaucin zai haifar da dariya ko mamaki, yakan gina wasa guda a kan jigo ɗaya, yakan hargitsa harufan doguwar jimla su ba da wata doguwar jimla mai ma'ana. Masu tsanani sun soke shi, amma masu warwarewa sun ƙaunace shi ƙwarai. A ƙarshen 2012 ya sanar da masoyansa cewa yana fama da ciwon dajin maƙoshi ta hanyar amsoshin wata dara da ya tsara, Guardian ta sake buga ta a Janairun 2013, ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekara. Mutumin da zai iya isar da irin wannan saƙo ta cikin wasa, jama'a su karɓa da hawaye, ya nuna cewa amanar da ke tsakaninsa da su ta wuce bin doka.

To, wa ya fi gaskiya? Abin lura shi ne Graham ya san dokokin sarai kafin ya taka su, kuma mai warware wasansa yana gane amsa in ya same ta. Ke nan bai rushe tushen Afrit ba, rassan Macnutt kawai ya sassabe. Hukuncin da ya dace shi ne tushen wajibi ne a kan kowa, rassan kuwa linzami ne ga mai koyo. Sabon mai ƙullawa da ya ce zai yi irin ta Araucaria tun bai iya ta Ximenes ba, ya yi hawan ƙawara.

7.0 Mu da Namu

Wasa da kalma ba baƙo ba ne a wurinmu, sai dai ya kamata a san wanne ne ɗan'uwan wannan wasa na kusa. Da yawa za su ce kacici-kacici. Akwai kama, amma akwai bambanci babba. In an ce "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", amsa ita ce tsintsiya, don haka aka gada. Wanda ya kawo wata amsa mai ma'ana ba za a karɓa ba, wanda ya kasa kuwa sai ya ba da gari a faɗa masa. Kacici-kacici yana horar da yaro ga siffantawa da hadda, amma hukunci yana hannun mai tambaya. Ita ishara mai ɓad-da-bami tana ɗauke da shaidarta a jikinta.

'Yan'uwanta na kusa suna cikin zaure. Malamanmu sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri, na Hariri mutumin Basra wanda ya rasu a 1122 Miladiyya. A cikin muƙamomin nan 50 akwai wadda aka jera tambayoyin fiƙihu 100, kowace an gina ta a kan kalma mai ma'ana biyu, ta kusa mai ɓatarwa da ta nesa wadda ake nufi. Akwai kuma wadda ake ba da gajeren zance a nemi kalma guda wadda in an raba ta biyu za ta ba da ma'anarsa. Wannan ita ce dabarar jeri, shekara 800 kafin Torquemada na jarida. Haka nan ramzi, wanda marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikinsa. A lissafin abajada na Magariba shinun 1000 ne, ra 200, lamun 30, ba kuwa 2. In aka haɗa harufan nan huɗu an sami 1232, shekarar Hijira da Shehu Usmanu ya rasu. Mai karanta ramzi yana yin abin da mai warware ishara ke yi, yana barin ma'anar kalma ya dubi harufanta. Zaurance ma haka, musamman irin wanda ake musanya gaɓoɓi, gari ya koma riga.

Wannan na nuna cewa in za a yi darar kalmomi da Hausa, bai kamata a kwafo ta Ingila ɗungurungum ba. Komawa da baya harafi-harafi ba zai yi yawa ba, tun da kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, musanya gaɓa ita ta fi dacewa da harshen. Kamancin sauti ba zai yi armashi ba, don muna rubuta abin da muke furtawa. Amma ta fuskar ma'ana biyu mun fi Ingilishi arziki, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da na tuwo, kuka na ido da ta miya, fari na launi da na rashin ruwa, duk rubutunsu ɗaya. Abin da ɗalibai ke kuka da shi wajen karatu shi ne jarin mai ƙullawa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne maganar ta shafi malamai kai-tsaye. Wasan ba ya yiwuwa sai da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu. Gurbi ɗaya harafi ɗaya yake ɗauka, saboda haka dole a san ko kafa ake nufi ko ƙafa, baki ko baƙi, domin kalmar da ta gitta ba za ta karɓi K a wurin Ƙ ba. Lambar da ke cikin baka tana tilasta a bambance "a kan" mai kalma biyu da "akan" mai kalma ɗaya. Dole kuma a yanke shawara ko sh da ts gurbi ɗaya za su ci ko biyu. A misalan da ke sama an ba su biyu, amma masu yin wasan da harshen Welsh suna ba irin waɗannan tagwayen baƙaƙe gurbi guda. An yi aiki mai yawa a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Muna da ƙamus na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, waɗanda za su iya zama alƙalai kamar yadda Chambers ya zama a Ingila. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dalilin da zai sa yaro ya damu da ƙugiyar harafi, musamman yanzu da rubutun waya ya saba masa da yin watsi da ita. Jan biro a littafin aiki bai cika yin tasiri ba. Yaron da amsarsa ta ƙi shiga gurbi saboda ya manta ƙugiya, shi da kansa zai koma ya gyara.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ishara mai ɓad-da-bami tana tsaye ne a kan ma'ana da dabara, an lulluɓe su da zahiri mai ɗauke hankali. An ga Macnutt ya yi babban aiki da ya mayar da adalci ma'aunin fasahar, ko da yake adalcin nasa bai kai ga wanda ya tashi a wajen al'adar Ingila ba, kuma tsananinsa ya bukaci irin sassaucin Araucaria. Shawara ga malamai ita ce su fara da kaɗan, ishara ɗaya a kan allo a ƙarshen darasin Hausa, ta ɓoye amsa ko ta ma'ana biyu. Kada a karɓi amsa sai ɗalibi ya bayyana aikin kowace kalma. Bayan makonni sai a bar ɗalibai su ƙulla nasu, 'yan aji su yi hukunci ko an yi musu adalci. Dattawa kuwa, waɗanda suka san sunayen hatsi da na sarautu da na kayan saƙa da ƙira da ke neman ɓacewa, su ne za su ba da kalmomin da za a cike gurabun da su.